Yadda Ake Haɗa Mota Ɗaya a Tafi Hutun Ƙarshen Mako a Yankari

Tun muna firamare muke jin labarin Yankari, ana ba mu labarin giwaye da ruwan ɗumin Wikki, amma sai da muka girma muka yi iyali sannan ƙafarmu ta taka wurin. Abin da ya riƙa hana mu shi ne abin hawa. Motar haya daga Kano za ta sauke ka a Bauchi, to daga nan fa? Daga cikin garin Bauchi zuwa masaukin Wikki kimanin kilomita 110 ne, kuma fiye da 40 daga ciki a tsakiyar daji suke, bayan an wuce ƙofar shiga. Ba hanya ce da za ka tsaya a gefen titi ka ɗaga hannu a ɗauke ka ba. Shata kuwa tana da tsada, ga kuma nauyin kwana da abincin direba. Mafitar da muka samu ita ce wadda zan bayyana a nan: mutum huɗu ko biyar su haɗu a motar ɗaya daga cikinsu, a tashi Juma'a da safe, a kwana biyu a ɗakunan daji, a dawo Lahadi kafin magariba. Na rubuta ne da lissafin wanda zai tashi daga Kano, amma mutumin Jos ko Gombe ko Azare zai iya rage nisan ya yi amfani da sauran.

Fara da mutanen, sannan motar

Kada a wuce mutum biyar a ƙaramar mota, har da direba. Idan Sharon ce ko Sienna, shida sun isa, a bar kujerar baya ga kaya. Na ga waɗanda suka cusa mutum bakwai don kuɗin mai ya yi sauƙi, kafin a kai Ningi kowa ya ƙosa da ɗan'uwansa, ga motar ta zauna a kan tayoyinta saboda nauyi.

A cikin tawagar lallai a samu aƙalla mutum biyu masu lasisin tuƙi waɗanda suka saba da doguwar hanya. Wanda ya iya zagayen cikin gari daban, wanda ya san yadda ake wuce tirela a babban titi daban. Sannan a naɗa shugaban tafiya tun kafin a tashi. Wannan koyarwa ce ta addini, domin ya zo a hadisi cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. A aikace ma za ka ga amfaninsa: shi ne mai cewa a tsaya ko a wuce, shi ne mai raba gardama idan wani yana son a ƙara awa ɗaya a ruwa alhali rana tana yi. Shawarata kada mai mota ya zama shugaban. Nauyin motar ya ishe shi, kuma idan iko da makulli suka haɗu a hannu ɗaya sauran sai su koma kamar 'yan rakiya.

Maganar kuɗi, wadda kunya ke hana a yi ta

A nan nake so in daɗe, domin a nan zumunci ke samun tabo. Mu Hausawa muna da alkunya, aboki ba ya iya kallon idon aboki ya ce masa kawo kasonka. Sai a tafi a kan "ai ba komai, ma gani a hanya". A gidan mai na farko mai mota ya zaro kuɗi ya biya, a na biyu ma ya biya, kowa yana jira wani ya fara magana. A dawo gida lafiya, amma mai motar ya ƙudurta a ransa ba zai sake ba.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a zauna mako guda kafin tafiya, ko a buɗe zaure na musamman a WhatsApp, a rubuta komai. A naɗa ma'aji, mutum ɗaya mai riƙe asusu da ɗan littafi. Kowa ya tura masa kasonsa kafin ranar Laraba. Daga ranar tafiya babu mai sa hannu a aljihunsa don abin da ya shafi kowa. Mai, kuɗin ƙofa, ɗaki, ruwan sha, duk daga hannun ma'aji za su fita, ya rubuta nan take.

Ga yadda ake lissafin mai. Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, Bauchi zuwa Wikki 110, ka ga 410 ke nan. Zuwa da dawowa 820. Ƙara zirga-zirgar cikin Bauchi da ɗan abin da ba a rasa ba, ka ɗauka 900. Ƙaramar mota mai shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci lita 90. Babbar mota cike da mutane da kaya, ga na'urar sanyi a kunne, ka yi mata lissafin lita 110 zuwa 120. Sai ka ninka da farashin lita na ranar da kake lissafin, ka ɗora kashi ɗaya cikin goma a kai saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya.

To wa zai biya? Ra'ayina a bayyane yake: mai mota ba ya cikin rabon kuɗin mai. Wasu za su ce ai shi ma hutun zai je. Gaskiya ne, amma shi ya kawo abin da ya fi tsada. Tayarsa ce za ta ci kilomita 900, birkinsa ne zai siɗe, baƙin mansa ne zai ƙone, kuma idan an dawo kowa zai shige gidansa ya bar shi da bakanike. Don haka sauran huɗun su raba kuɗin mai a tsakaninsu, shi kuma ya shiga rabon ɗaki da abinci da kuɗin ƙofa kamar kowa. Idan ya ƙi, ya ce sam sai ya biya, to a saka kuɗin juyen baƙin mai da wankin mota a cikin asusun, a yi masa ba tare da an tambaye shi ba.

Sai magana mafi nauyi: idan mota ta lalace a hanya fa? A yanke wannan tun ana zaune a inuwa. Mu ga yadda muka tsara. Abin da hanya ta jawo, kamar faci, ko taya ta fashe a rami, ko dutse ya tsaga gilashi, na kowa ne, asusu zai biya. Tsohuwar cutar mota wadda mai ita ya san da ita, kamar giya mai wahala ko injin da ya daɗe yana shan mai, tasa ce, sai dai a taimaka masa don Allah. Abin da ganganci ya jawo kuwa, wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin shi zai ɗauki kaso mafi girma. Lokacin da aka fara kawo wannan magana a zamanmu, babbanmu ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Haba, tsakaninmu har sai an yi wannan?" Ƙaraminmu ya ce masa, "Yaya, ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Aka yi dariya aka rubuta. Ranar dawowa taya ta yi faci kusa da Birnin Kudu, ma'aji ya biya mai faci daga asusu, ko kallon juna ba a yi ba.

A ware wani abu daban a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, kowa ya ba da daidai, idan ba a taɓa shi ba a mayar. Kuma ma'aji ya riƙe tsabar kuɗi mai ɗan yawa, ƙananan canji a ciki. Sabis ɗin waya a daji yana zuwa yana ɗaukewa, bai kamata ku dogara da tiransifa ko kati ba.

Wane lokaci, kuma wane ɗaki

Rani shi ne lokacin Yankari. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi sai su riƙa taruwa a bakin kogin Gaji, wanda shi ne ke ratsa dajin. A nan ido ke iya ganinsu. Da damina daji yana yin kyau ƙwarai, kore shar, amma ciyawa ta fi mutum tsayi, dabba ta samu ruwa ko'ina ba ta da dalilin fitowa, wasu hanyoyin cikin dajin kuma sun yi laka. Mai son sanyi ya je a Janairu, mai son ganin dabbobi da yawa kuma zai iya jure zafi ya je Maris ko Afrilu. Ku kauce wa hutun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara idan natsuwa kuke nema, don a lokacin wurin yana cika da baƙi.

Ɗakunan Wikki hawa-hawa ne, daga masaukin ɗalibai mai gadaje da yawa har zuwa na manyan baƙi. Mafi dacewa da irin tafiyarmu su ne ƙananan ɗakunan da ke warwatse a ƙarƙashin itatuwa, kowanne da banɗakinsa. Mutum biyar su kama biyu ko uku. A kira a kama ɗaki tun da sauran mako guda, a sake kira ranar Alhamis a tabbatar. A wannan kiran ku tambayi farashin ɗaki, kuɗin shiga na kowane mutum da na mota, kuɗin zagayen daji, lokutan da ake ba da wuta, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Ku kuma tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon, ku ƙara da tambayar wani ɗan Bauchi da kuka amince da shi. Idan aka ce muku a dakata, ku dakata. Dajin yana nan, ba inda zai je.

A kai mota wurin bakanike ranar Laraba

Laraba na ce, ba Alhamis da yamma ba, domin idan an gano matsala a samu kwana guda na gyara da gwaji. Mai mota ya tafi da mutum ɗaya daga cikin tawagar, su tsaya a kan aikin. A duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, fanbel, batir, fitilu da waifa. A ɗaga mota a duba birki da ƙafafuwa. Tayoyi huɗu a duba su da kyau, sannan a sauko da safaya a gwada iskarta. Safaya ita ce abin da aka fi mantawa. Sau da yawa tana nan a but shekara guda babu iska a cikinta. A tabbatar jak yana ɗagawa, abin kwance taya kuma ya yi daidai da notocin motar.

Takardu su zama cikakku kuma ba su ƙare aiki ba: na mota, inshora, lasisin duk wanda zai yi tuƙi. A saka tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta tsaya. Akwai shingayen jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra a hanya, mai cikakkun takardu gaisawa kawai yake yi ya wuce. Kowa ya ɗauki katin shaidarsa.

Kaya

Jaka ɗaya ƙarama ga kowane mutum, wannan doka ce, don but ɗin na kowa ne. Kaya kala biyu ko uku masu haske, ruwan ƙasa ko toka-toka, masu dogon hannu. A guji baƙi da shuɗi mai duhu a zagayen daji, saboda ƙudan tsando yana bin waɗannan launuka, cizonsa kuma da zafi. Takalmi rufaffe, hula, tawul, kayan shiga ruwa masu sutura, da rigar sanyi idan hunturu ne, don asubar daji ba irin ta gari ba ce. Darduma da buta. Tocila ga kowa, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike. Maganin sauro na shafawa da gidan sauro, maganin ciwon kai, gishirin zawo, filasta, da duk maganin da wani ke sha kullum.

Akwai wurin cin abinci a masaukin, amma ku tafi da guzuri: katan biyu na ruwa, burodi, kayan shayi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, kilishi, dambun nama, lemo da ayaba. Duk abin ci a zuba shi a jaka mai zif ko kula mai murfi. Kada a bar komai a leda mai nuna abin da ke ciki. Dalilin yana tafe.

Juma'a: hanya

A kwana da kaya a cikin mota. A haɗu wuri ɗaya bayan sallar asuba, kada mai mota ya bi gida-gida yana ɗaukar mutane, wannan kaɗai yana cin awa biyu. A yi addu'ar tafiya, a tashi da ƙarfe 6:30. Kowa ya sanar da gidansa inda za a je, lambar motar, da lokacin da ake sa ran dawowa, ya kuma gaya musu cewa waya za ta iya ƙin shiga, kada hankalinsu ya tashi.

Hanyar ita ce Wudil, Birnin Kudu, Ningi, sai Bauchi. Ku ba ta awa huɗu da rabi zuwa biyar ba tare da gaggawa ba. Direbobi su yi canji duk bayan awa biyu, Birnin Kudu ko Ningi wuri ne mai kyau na miƙe ƙafa da karɓar sitiyari. Wanda ke kujerar gaba aikinsa ne ya zauna a farke, ya riƙa hira da direba, ya miƙa masa ruwa, ya amsa masa waya. Mai jin barci ya koma baya. Kowa ya ɗaura bel. Kuma a yarda tun farko cewa duk wanda ya ga gudu ya yi yawa yana da ikon ya ce a rage, direba kuma ba zai ji haushi ba. Lokacin hazo a kunna fitila ko da rana ce. Garuruwan kan hanya suna da kasuwanni da yara da awaki a bakin titi, a shige su a hankali.

Za ku shiga Bauchi wajen ƙarfe 11. Ku ci masa, don wanda ya ratsa Bauchi bai ci masarta ba ya yi asara, ku cike abin da ya rage na guzuri a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ku yi sallar Juma'a. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, wanda ke da shakka a kan hukuncin ya tambayi malaminsa tun a gida. Abu mafi muhimmanci a Bauchi shi ne a cika tanki fal. Kada ku sa ran samun mai a cikin daji, kuma man da kuka sha a nan shi zai kai ku ya dawo da ku, kilomita 220 ban da zagaye.

Ku bar Bauchi kafin ƙarfe 2:30. Ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ku saki babban titi ku karya dama, ku miƙe har ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. A nan za a rubuta sunayenku da lambar mota, ma'aji ya biya ya karɓi rasit ya adana.

Daga ƙofa zuwa masauki a rage gudu sosai. Kun riga kun shiga gidan dabbobi, kowane lokaci wani abu zai iya tsallaka titi. Kada kowa ya fita daga mota don ɗaukar hoto. A sauke gilashi, a kashe rediyo. A wannan tsakanin ne mutum ke fara jin kansa yana saki: ƙamshin busasshiyar ciyawa, kukan tsuntsaye, itatuwa iya ganinka. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Fiye da shekaru sittin ke nan ana hana gatari da bindiga shiga, shi ya sa za ka ga manyan itatuwan da tuni aka ƙone irinsu aka yi gawayi a wasu wuraren.

Isa masauki, da maganar gwaggon biri

Da kun karɓi makulli, ku shiga ɗaki tare da ma'aikaci ku gwada famfo, fitila, fanka da sakatar ƙofa da taga. Ku tari ruwa a bokiti, ku sa wayoyi a caji duk lokacin da wuta ta samu. Ɗakin daji ne, a karɓe shi a haka. Wanda ya zo neman irin otal ɗin Abuja zai hana kansa jin daɗin abin da ya kawo shi.

Sauke kaya kuwa sai da tsari, saboda gwaggon biri. Suna yawo a cikin masaukin garke-garke, sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Muna sauke kaya a zuwanmu na farko, but a buɗe, wani babban namiji yana zaune can gefe kamar ba ruwansa. Ɗayanmu ya juya ya amsa sallama, kafin ya waigo birin ya taho a guje, ya sure ledar burodi guda, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana yage ta da yatsu yana kallonmu. Ko minti ɗaya abin bai kai ba. Don haka mutum ɗaya ya tsaya a bakin mota, ɗaya a bakin ɗaki, sauran su yi jigila. A rufe gilashin mota ruf, a kulle, kada a bar abinci a inda za a hango shi. Ƙofar ɗaki kullum a kulle, ko kuna ciki. Kada ku ba su abinci, kada ku yi kokawar ƙwace abin da suka ɗauka, haƙoransu ba na wasa ba ne. A ja yara a jiki. Za ku kuma ga gadu suna kiwo a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna tonon saiwa. Ba sa kula mutum idan bai matsa musu ba.

Idan da sauran haske, ku gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, yana iya shanye mutum, sai ya riƙa raguwa yayin da ruwan ke gangarawa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Mutum ɗaya ya zauna gadin kaya da makullin mota, a riƙa karɓa-karɓa. Idan da mata a tawagar, a nema musu lokacin da babu cunkoso, sassafe ya fi. Bayan awa bakwai a mota, babu abin da ke warware gajiyar baya kamar wannan ruwan.

Tun daren Juma'a ku je ofis ku rubuta sunanku a zagayen safe.

Asabar

Ana fita zagaye da safe da kuma yamma, lokacin da rana ba ta da zafi dabbobi suna motsi. Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Shawarata ku hau motar gandun ku bar taku ta huta. Tasu tana da tsayi, a buɗe take, an yi ta don wannan hanya. Taku kuwa amana ce, ita za ta mayar da ku gida, ƙaya da yashi da kwazazzabai ba nata ba ne. Kuɗin da za ku biya bai kai na gyaran ƙafar mota ba.

A cikin daji a yi shiru, a bi maganar ɗan rakiya, a yi masa tambaya cikin girmamawa, domin ya san sawu da kashi da karyayyen reshe kamar yadda ka san layin unguwarku. Ana yawan ganin gwambaza, mazo, kanki, gwanki, ɓauna, birai iri-iri, kada da dorina a wajen ruwa, da tsuntsaye fiye da iri 350 da aka ƙidaya a dajin. Giwa tana nan, Yankari na cikin wurare kaɗan da suka rage mata a Najeriya, amma ganinta rabo ne, don garken yana tafiya mai nisa. Zaki ya fi ta wuyar gani. Ku faɗa wa junanku wannan tun a mota, kada wani ya dawo yana cewa an yi asarar kuɗi. Mu a zuwan farko sawunta kawai muka gani a laka, faɗinsa kamar faifai, da itacen da ta karya ɗanye, kuma har yau ana maganar wannan sawun a cikinmu.

Ku roƙi a biya da ku kogunan dutse na Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey idan hanya ta ba da dama. A cikin masaukin akwai ɗan gidan tarihi mai ƙasusuwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, ya cancanci rabin awa. Sauran yinin kuwa kada ku cika shi da shiri. A yi barcin rana, a koma ruwa, a dafa shayi a ƙofar ɗaki bayan isha'i, a ɗaga kai a kalli taurari yadda ba a ganinsu a gari. In an ji daɗin ɗan rakiya da masu gyaran ɗaki, ma'aji ya yi musu alheri daga asusu.

Lahadi

A shiga ruwa na ƙarshe bayan asuba, a karya, a tattara shara a leda a fita da ita ko a zuba inda aka tanada mai murfi. Kafin a loda kaya, injin yana sanyi, mai mota ya buɗe gaba ya duba baƙin mai da ruwa, ya zagaya tayoyi, ya leƙa ƙasa ko wani abu yana ɗiga. A duba ƙarƙashin gado da jikin soket, caja ita ce abin da aka fi bari. A miƙa makulli a tashi da ƙarfe 9. Za ku iso Bauchi wajen 11, ku sha mai, ku ci abinci, ku kama hanya kafin 12, ku shiga Kano da la'asar sakaliya. Duk abin da zai sa ku yi tafiyar dare ku bar shi, ko da wani ya ce ga ɗan'uwansa a Bauchi a tsaya a gaisa. A nan shugaban tafiya zai yi aikinsa.

Da an shigo gari, kafin a sauke kowa, a biya gidan mai a mayar da tanki yadda yake ranar da aka ɗauki motar, a wuce wurin wanki a wanke ta ciki da waje daga asusu. Ana wankin ma'aji ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya nuna rasit, ya raba ragowar a nan take, ko ya faɗi cikon da ke kan kowa a biya kafin a watse. Bayan kwana biyu ko uku shugaban tafiya ya kira mai mota ya tambaye shi, "Alhaji, ya jikin motar? Akwai abin da ka ji ya canza?" In akwai, a koma ga yarjejeniyar da aka rubuta, kowa ya kawo nasa.